Rigar da Kawu ya ɗinka wa babur

Duk daular da ta rushe a tarihi, in ka bi diddigi, za ka tarar da wani dattijo da aka ji nauyin gaya wa gaskiya. Na daɗe ina koyar da haka a aji, amma a kan babur ɗin ƙanena na gani da idona.

Ƙanen nawa ya sayar da 'yar fadamar da ya gada a bakin Rima, ya sayi babur mai caji don yin kabu-kabu tsakanin Wurno da Achida. Ba fetur, ba hayaƙi, ba ƙara. Ƙanen nawa kuma ba shi da wata madogara bayan babur ɗin. A ƙarƙashin mazaunin akwai wani akwatin ƙarfe mai tsage-tsage, shi ke raba wa injin wuta. Mai sayarwa ya ja masa kunne: ta tsage-tsagen nan zafi ke fita, a bar su su sha iska.

Kawunmu baduku ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. A wurinsa abu mai daraja ba ya zama tsirara; wuƙa ma tana da kube. Ya auna akwatin da taƙi, ya ɗinka masa riga ta jar fatar akuya, har da tuntaye, ko allura ba ta samun hanyar shiga.

Na ce, "Kawu, abin ga iska shika so."

Ya ce, "Mi iska za ta yi mai, Malam? Rana ka kashe kaya. Kai dai tahi ga allinka."

Sai ƙanena ya shiga dabara: in ya fita gari ya tuɓe rigar, in zai dawo ya mayar. Wani fasinja ya kai wa Kawu labari, da kyakkyawar niyya, kamar yadda aka saba kai irinsa. Kawu bai yi faɗa ba. Da yaron ya je gaisuwa, sai ya tambaye shi a hankali, "Ɗana, ɗunkin ne bai yi ba?"

Tun daga ranar ƙanena bai sake kwance igiyar rigar ba.

Da bazara ta kama, babur ya fara rage gudu da tsakar rana, sannan ya ɗauke. Ƙanena kan tura shi gindin dogonyaro ya yi ta fifita da hula, fasinja ya hau na wani. Ƙanena ya rame. Mu biyu mun san maganin, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya koma wurin Kawu.

Wata azahar, wajen Kwargaba, ya ɗauko mutum da buhun albasa, sai ya ji ƙauri. A bayan mota aka kawo babur ɗin gida. Makanike a Sakkwato ya ce akwatin ya ƙone, ya kuma taɓa injin, kayan sai an yi odarsu daga nesa.

Har yau babur ɗin yana jingine a zaure. Rigar ko tabo ba ta yi ba.