Ciyayyar Tanimu da Sunday

An haifi Tanimu, Bagunge ɗan mazauna tsibiran kogi, a shekarun da ruwan dam ya cinye tsohon garinsu, aka kwaso iyayensa aka zaunar a Warra. A cikin kwalekwale ya girma. Ya yi sana'ar kamun kifi har bayansa ya ƙi, ya koma tuƙa jirgin fito zuwa ƙauyukan tsallake, da ƙarfi ya ƙare kuma ya zauna a ƙofar gida yana ɗinke komar masunta. Sana'a ta yi ta sauyawa, amma ciyayya ba ta taɓa fashi ba. Bayan isha'i kowane magidanci a layin zai fito da kwanonsa, a haɗa a tabarma ɗaya, a ci tare.

Da can suna da yawa. Mutuwa ta ɗebi wasu, wasu 'ya'yansu suka ja su birni, har ya rage daga Tanimu sai Sunday, wani manomi Bakambare da ba ya buɗe kwano sai abokinsa ya dawo daga masallaci. Tun da matar Sunday ta rasu kwanon nasa ya lalace, yau jiƙaƙƙen gari, gobe ɗumamen da ya ƙone a gindi. Sukan fara taɓa nasa, Tanimu ya yaba, sannan su juya kan tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa ta Aminatu, matar Tanimu, miyar da ta ji yaji da manja. Shi ke nan abincin kirki da Sunday ke samu a yini. Tunda hannu biyu ke shiga kwanon, ba mai kiransa sadaka.

Sai ƙwannafi ya kama Tanimu. Da ya kwanta wani ruwa mai tsami zai taso masa har maƙogwaro, ƙirji ya ɗau zafi kamar ya haɗiyi garwashi. Ya yi ta shan jiƙon kanwa, ya lafa, ya dawo. Da muryarsa ta fara dishewa Aminatu ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Rahila, ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi, ta ba shi magani ta ce sauran aikin a gida yake: ya bar kanwar nan, ya rage yaji da mai da goro, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, abincin dare kuma tun kafin magariba, kada ya kwanta da cikakken ciki.

Aminatu ta sa bulo a ƙafafun gado ta wajen kai don kansa ya ɗaga in ya kwanta. Ta raba tukunya, ta yi masa miyar kuɓewa ba yaji. Duk ya bi, ban da maganar lokaci.

"Malam, kai ka kashe kanka," in ji ta. "In don Sunday ne, a zuba mai nashi a kai mai gida."

"Ki aika mai da kwano kamar mabaraci? Wallahi da ya karɓa gara ya kwan da yunwa."

"To faɗa mai gaskiya, ku ci da wuri."

"Yana gona har duhu. Ki bar ni, Aminatu."

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Tanimu ya rasa kamun kifi, ya rasa jirgi, kuma wannan tabarmar ce kaɗai wurin da har yanzu wani ke ƙoshi ta dalilinsa. Ya ce wa Sunday ba shi da lafiya, daidai yake da ya ce shi ma ya zama abin lallaɓawa. Don haka ya nemo dabara. Sai ya ci nasa a ɗaki da la'asar sakaliya, da isha'i ya fito da kwanon yaji kamar kullum, ya riƙa gutsurar loma ƙarama yana juya ta a gefen miya, yana jan hira.

Dabarar ta yi wa cikinsa aiki. Barci ya dawo, murya ta washe. Shi dai ya manta cewa wanda kuka daɗe kuna cin kwano ɗaya ya san girman lomarka.

Ran nan Sunday ya tsaya da hannu a cikin tuwo, ya dubi ɓangaren Tanimu da ko rami bai yi ba.

"Bagunge, azumi kake da dare?"

"Ci abinka, Bakambare, cikina ne ba daɗi."

"Jiya ma ba daɗi? Shekaranjiya fa?" Ya yi 'yar dariya. "Ka ci a ciki ka fito, ko?"

Tanimu ya ajiye lomar da ke hannunsa. Sunday ya wanke hannu a hankali, ya rufe kwanonsa.

"Ashe ciyar da ni akai. Ni ina ta zuba loma, kai kana gadina."

"Ciwo gare ni, Sunday. Likita ta hana."

"Da ka faɗa mani ai da na bar gona da wuri. Mi ag gona? Amma ka gwammace ka zauna kana kallon bakina."

Washegari Sunday bai fito ba. Tanimu ya je har ƙofarsa ya yi sallama, suka gaisa a tsaye, gaisuwar mutunci irin ta baƙi. Aminatu ta aika da tuwo, aka dawo da shi da godiya, ko murfin ba a ɗaga ba. Kafin kaka ta shigo Blessing, 'yar Sunday da ke aure a Yelwa, ta zo ta ga yadda uban ya rame, ta ce ba za ta koma ba sai da shi.

Tanimu ya riƙe masa jaka har tasha. Da mota ta cika Sunday ya leƙo ta taga.

"Yaya ƙirjin?"

"Da sauƙi ƙwarai."

"To madalla. Ka kiyaye abin da likita ta ce."

Direba ya ja. Tanimu ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya juyo gida da sauri, don rana ta yi sanyi kuma lokacin cin abincinsa ya kusa wucewa.