Ranar da Na Zama Buhu na Sha Ɗaya

Ni na dage a jibge buhunan gerona goma can wutsiyar a-kori-kura, bayan tayar baya, don in riga kowa saukewa a kasuwar Batsari.

Direba ya ce, "Malam, nauyi kan taya ake ɗorawa, ko gabanta."

Na ce, "Kai, ni fa na yi aji huɗu."

Muna kama tudun Darini gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya daina jin magana.

Direba ya dubi tumbina. "To mai aji huɗu, hau bonet ka danne mana."

A haka muka wuce surukina a ƙofar gida. In na sauka gaisuwa mota ta sake miƙewa, sai na ɗaga masa hannu kamar gwamna.

Har yau bai amsa sallamata ba. Jama'a, durƙuso nawa ke biyan wannan?