Jan Kifin Goggo

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana ne, ranar Laraba, kwananmu na shida a Japan. Na san lokacin daidai saboda a gefen teburinmu akwai ƙaramin allo mai nuna hotunan abinci, da agogo a kusurwarsa, kuma shi nake kallo sa'ad da na ce wa Goggo, "Kifi ne, na karanta." Gaskiyar magana ban karanta komai a kan wannan farantin ba.

Goggo yayar mahaifina ce. A Shinkafi take aure, ita ke shugabantar ƙungiyar mata masu turara shinkafa su casa su kai kasuwa. An gayyace ta horo na mako biyu a kan gyaran shinkafa, ba ta jin Turanci, sai aka yarda ta tafi da mai yi mata fassara. Ni ina shekarata ta biyu a karatu a garinmu Kaura, kuma a danginmu an san ni da abu biyu, littafi da rashin magana. Baba ya ce ni zan raka ta. Tun saura wata guda na sayi sabon littafin rubutu na cika shi da yadda ake gaisuwa a can, inda ake cire takalmi, da lokutan salla na garin da za mu sauka.

Abinci ne ya fara ba mu wahala. A filin jirgi aka karɓe kilishin da Goggo ta ƙunso, aka ce ba a shiga ƙasar da nama. Ita kuwa ko a gida ba ta cin naman da ba ta san wanda ya yanka ba. Kwana biyar tana kan farar shinkafa da ƙuli-ƙuli da ruwan shayi, ina ganin fuskarta tana faɗawa, ina jin kamar ni ce na kasa riƙon amanar da aka ba ni.

Ranar Larabar, bayan mun zaga wata gona, jagorarmu, wata Bajapaniya mai fara'a, ta kai mu gidan sushi, wato dunƙulen shinkafa kamar loma guda da yankan kifi a kai. Babu mai kawo abinci. Wani bel ne siriri yake fitowa daga kicin ya bi ta gefen kowane tebur ya koma, ƙananan farantai suna tafe a kansa a jere, kowanne da loma biyu. Wanda ya yi maka sai ka miƙa hannu ka ɗauka.

Goggo ta tsaya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Mu bel ɗinmu injin casa yake juyawa, su nasu tuwo yake rabo. To wa za a ce ma sannu da aiki?"

Jagorar ta yi bayani: kusan duka kifi ne da ƙwai da kayan lambu, amma wanda ya yi shakka ya tambaye ta, kuma farantin da aka ɗauka ba a mayar da shi. Ta wuce ta zauna da mazan tawagarmu, tebur biyu a gabanmu.

A jikin teburin akwai ɗan famfo. Goggo ta naɗe hannun riga za ta wanke hannu, na yi maza na riƙe ta. Na karanta cewa tafasasshen ruwa ne na haɗa shayi. Na tara kofi na danna, tururi ya tashi. Ta dubi ruwan, ta dube ni.

"Da ba don ke ba da na dafa hannuna. Malamar gidanmu! Daga yanzu abin da kinka miƙo shi ni ka ci."

Daɗin wannan magana ya shige ni fiye da kima.

Ta ci mai ƙwai, ta ce an zuba masa sukari. Ta ci mai masara. Ɗanyen kifi kuwa ko kallo bai ishe ta ba, duk wanda ya zo wucewa sai ta ce, "Wuce, Allah ya haɗa ka da mai sonka." Can sai ga wani faranti: yanka siriri ja-ja, da yankakkiyar albasa a kai, ba shi da sheƙin ɗanye irin na sauran. Goggo ta bi shi da ido.

"Wanga fa? Kamar an yi mai gishiri an shanya."

A gaban farantin akwai ɗan kati da rubutunsu. Ban iya karanta shi ba. Abin da ya kamata in yi bai wuce in tashi in taka zuwa teburin jagorar ba. Amma sai na ratsa maza shida suna hira, in tsaya a kansu, in buɗe murya duk su juyo. Farantin ya kai ƙarshen teburinmu zai wuce, Goggo da yunwar kwana biyar tana jiran bakin malamar gidansu. Na sa hannu na ɗauko, na faɗi abin da na faɗa.

Ta yi bisimilla ta kai baki da hannunta. Ta tauna a hankali, sai fuskarta ta washe. Ta cinye loma biyun, ta tare wani farantin da kanta, ta ƙara na uku. Ta turo mini loma ɗaya na ce na ƙoshi, don ina so ta ci ta ƙoshi ne. Ni ko ɗanɗanawa ban yi ba. Da katin ya sake zagayowa na kwafe rubutun a littafina, zane bayan zane, don in nemo mata shi gobe.

Bayan la'asar, a masauki, inda wayata ke samun intanet, Goggo tana lazimi, na haska shafin da wayata don ta fassara. Naman alade ne, wanda ake yi wa gishiri a busar. Na sake haskawa sau huɗu. Na nemo hotonsa, shi ne, har da albasar. Na juya na dubi bayan Goggo a kan darduma, na rufe littafin na tura shi ƙarƙashin kaya.

Na san hukuncin, tun a Islamiyya aka koya mana cewa wanda ya ci bisa rashin sani babu laifi a kansa. Da wannan na riƙa lallashin kaina: tunda babu komai a kanta, me zai sa in ɗaga mata hankali? Amma a raina na san ba ita nake karewa ba. Da ta tambayi jan kifin nan washegari, na ce ba a samunsa kusa da masauki.

Da muka dawo sai abin ya ƙi mutuwa. Duk wanda ya je yi wa Goggo barka da dawowa sai ya sha labarin abincin da ke tafiya da kansa, da famfon da ya so dafa ta, da jan kifi. Ta ba da shi a Shinkafi, ta ba da shi a wajen suna a Zurmi, kullum kuma da sunana a ƙarshe: yarinyar da ta san komai. Na daina zuwa gidanta. Hutu ya zo na ce ina da aikin makaranta. Ta aiko mini da shinkafa ta hannun direba, na yi godiya ta bakin Inna. Haka har wata biyar.

Wata ranar kasuwa na dawo daga lacca na tarar da takalman Goggo a ƙofar ɗakin Inna. Ta zo tare da wata Hajiya ƙawarta ta Badarawa, wadda aka zaɓa a tawaga ta gaba mai zuwa Japan.

"Ga 'yar gudun dangi nan," in ji Goggo. "Ko sai da biza a ka ganinki yanzu? Zo ki rubuta ma Hajiya sunan jan kifin nan da rubutunsu, ta nuna musu in ta je. Kada ta sha yunwar da na sha."

Hajiyar ta riga ta fito da takarda daga jakarta tana murmushi. Na durƙusa na gaishe su. Da ƙyar na ce, "Goggo, don Allah ina son magana da ke a ɗakina."

Na ɗauko littafin na buɗe mata shafin, ko da yake ba abin da za ta gane a ciki. Na faɗa mata abin da ta ci. Na faɗa mata ban karanta ba, kunyar ratsa maza ce ta hana ni tambaya, kuma tun la'asar ɗin ranar na sani. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ta tashi ta fita tsakar gida, na ji ƙarar buta. Ta kurkure baki sau uku, abincin da ta ci wata biyar da suka wuce. Ta dawo ta zauna a bakin gadona tana goge baki da gefen mayafi.

Na ce, "Goggo, ki yafe mini."

"Ni da na ci ban sani ba, tsakanina da Ubangijina babu komi. Ke ma sa'ad da kinka miƙo ba ki sani ba, yunwata kinka duba, wannan na yafe tun kan ki roƙa. Amma wata biyar kinka bar ni ina bin gari gari ina yabon alade da bakina, kina ɓoyo kamar na kore ki. Shi ne naki, kuma sai na huce. Yanzu ɗauko biro. Ki rubuta ma Hajiya sunan nan da manyan baƙi, ta san abin da za ta bari ya wuce."