Mora Talatin da Huɗu a Ɗamarar Zoila

Shekara talatin da ɗaya rumfata tana manne da ta Zoila Chicaiza a babbar kasuwar Quito, ni ina soya kifi, ita tana markaɗa ruwan mora, wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itace masu fitowa a jikin ƙaya, kuma ban taɓa cin ta a gardama ba. 'Yar guntuwar mace ce, amma in ta buɗe baki ta ce, "Zo ka sha, kyakkyawa!" har masu sayar da furanni a ƙofar waje sai sun waiga. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta zo birni da kwando a baya. Ta auri Segundo kwandastan bas, ya shuka mata mora a bayan gida, ya rasu ya bar ta da yaro ɗan shekara shida. Da injin markaɗe ɗaya da kurmin ƙayar nan ta raini ɗan nata, Efrén. Hannayenta duk tabon ƙaya ne, farcenta kuwa ba sabulun da ya taɓa fitar da jan 'ya'yan itacen nan daga cikinsu.

Efrén ya tafi tsibiran Galápagos yana saurayi. Shekara tara yana fama, da aikin ƙarfi da karatun Turanci, kafin ya samu lasisin jagoran 'yan yawon buɗe ido. Hotonsa da lasisin a wuya yana rataye a saman injin markaɗe. Duk Baturen da ya tsaya shan mora sai an nuna masa, ko yana so ko ba ya so.

Ranar wata Talata ya bugo waya. Baƙi biyu sun fasa tafiya, mai jirgin ruwan da yake yi wa aiki ya ce ya kawo uwarsa da wanda take so. Ni ce uwar baftismarsa, to wa za ta ɗauka in ba ni ba? Zoila ta saki ihun da ya sa na ƙona kifi huɗu. Ina jin muryar yaron ta cikin wayar yana cewa, "Mama, don Allah kada ki zo da komai. Ko ƙwayar masara ɗaya. In aka ga abin shuka a hannun baƙona a kan tsibiri, lasisina ne zai tafi."

"Na ji," in ji ta. "Kai ka haife ni?"

Abin dariya, tafiyar ta haɗa da zagayen Quito na yini guda. Mu da muka tsufa a garin, aka ɗora mu a bas mai buɗaɗɗen sama tare da Turawa goma sha huɗu! Zoila ta ci kwalliya da hularta mai gashin tsuntsu, tana ɗaga wa 'yan tasi hannu kamar matar gwamna. Muka shiga wani coci mai adon zinariya da ta shekara hamsin tana wucewa ta ƙofarsa, ta tsaya baki buɗe, ta ce, "Etelvina, ashe haka cikinsa yake? Mun yi asara!" A kan tudu, ƙarƙashin gunkin Maryamu mai fukafukai, ba ta kalli gunkin ba sam, rufin kasuwa take nema. "Ga rumfata can! Ga ta can!" A layin tsakiyar duniya, inda ake gwada tsayar da ƙwai a kan ƙusa, Turawa suka yi ta fama, ita kuwa sau ɗaya ta ɗora ya zauna. Kafin yamma ta juya akalar bas ɗin gaba ɗaya zuwa rumfarta, kowa ya sha kofi biyu.

Washegari muka hau jirgin sama, karon farko a rayuwarmu. An bincika jakunkunanmu, an ba mu takarda mai tambaya ko muna ɗauke da iri ko 'ya'yan itace. Zoila ta ce in rubuta mata a'a, na rubuta.

Efrén na jiranmu a filin jirgi, ya yi baƙi, ya yi faɗi. Ta rungume shi tana kuka tana zaginsa wai ya rame. Daga nan aka hau da mu tudun tsibirin Santa Cruz ganin kunkuru. Jama'a, kunkuru! Wani in ya miƙe sai ya kai mini ƙugu, yana huci kamar tsohon da aka tasa daga barci. Zoila ta durƙusa ta gaishe shi, "Barka da hutawa, Baba."

A hanyar dawowa ne ta hango ta. Mora, hagu da dama, ta fi mutum tsayi, iya ganin ido. Ta buga tagar mota. "Efrén! Arziki a yashe! Ba mai tsinka?"

Yaron bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga ya nuna mata tabbai har gwiwar hannu. "Shekara huɗu ina saran ta da adda, Mama. Wani ne ya kawo ta tuntuni don ya shuka a bayan gidansa. Tsuntsaye suka ci, suka kai irin ko'ina. Ta shaƙe itatuwa, kunkuru ba ya iya ratsawa. Inda za mu gobe, tsibirin Española, ba ta taɓa zuwa ba, kuma ba za ta je ba ina raye."

Zoila ta kai hannu ta dafe ƙugunta. Ni kuwa na san ta: akwai abin da ta ɓoye.

Muna shiga ɗakinmu a jirgin ruwa na rufe ƙofa. "Fito da shi."

Ta warware ɗamarar saƙar da ke ƙugunta, sai ga 'yar roba mai murfi. Mora ce, zaɓaɓɓu, baƙaƙe sul.

"Kin kashe mu! Kin sa na yi ƙarya a takarda!"

"Kaya suka tambaya. Wannan tsaraba ce. Gobe yake cika talatin da huɗu, na tsinko talatin da huɗu daga shukar ubansa. Shekara biyar ban ga ɗana ba, in zo masa hannu rabbana? Ni 'yar wa?"

"Jefa ta a teku."

"Ruwa ya kai ta gaɓa?"

"To cinye!"

"In cinye tsarabar ɗana? Ke dai kifi ya toshe miki kai. Gobe bayan abincin rana zan kira shi nan, ya ci a ɓoye, shi ke nan."

Na ce ta bar robar a ɗaki. Ta ce da mun sauka ake shigowa gyaran gado, za a gani. Ta mayar da ita cikin ɗamara ta ɗaure tamau. Na ji haushinta ƙwarai, amma ban tona ta ba, kuma wannan laifina ne.

Da hantsi ƙaramin kwalekwale ya sauke mu a Española. Ni da na ɗauka na ga duniya! Zakunan teku kwance a kan hanya suna haushi, sai dai ka tsallake su. Damo baƙaƙe da jajaye sun hau kan juna suna tsartar da gishiri ta hanci. Ga tsuntsaye masu shuɗin ƙafa, kamar an ba su takalman roba. Ba wanda ke gudun mutum. Efrén na gaba yana bayani da harshe biyu, Zoila na bayansa tana zungurar kowa: "Ɗana ne. Ni na haife shi." Wasu tsuntsaye masu ruwan toka, marasa kunya, suna bin mu a ƙasa suna caccakar igiyar takalmi. Efrén ya ce babu abin da ba sa ci.

Can saman dutse muka tarar da manyan tsuntsayen teku, fukafukinsu ya fi ƙofa faɗi, miji da mata suna rawa. Su kaɗa baki kaf-kaf-kaf, su ɗaga wuya sama, su rusuna wa juna, su yi tafiyar rangaji. Zoila ta kasa daurewa. "Etel, wallahi Segundo ne ranar bikinmu!" Ta kama ƙugu ta fara kwaikwayonsu, Turawa na tafi. Ta ɗaga wuya, ta yi rangaji, ta rusuna har ƙasa.

Ɗamarar ta saki. Robar ta faɗi a kan dutse, murfin ya yi tsalle, mora ta watsu.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Efrén ya dubi ƙasa, ya dubi uwarsa, sannan ya daka tsawa cikin harshe biyu: "Kowa ya zagaye wurin! Ku kaɗa huluna, kada tsuntsu ya sauka! Kada wanda ya taɓa su!" Tsuntsayen tokan nan kuwa tuni sun taho a guje. Muka yi da'ira muna kaɗa huluna muna ihu kamar masu tsaron gero, Zoila da ɗanta na rarrafe a tsakiya suna tsinta.

"Nawa ne, Mama?"

"Talatin da huɗu."

"Kin tabbata?"

"Ni za ka tambaya ƙirgen mora?"

Ya ƙirga a tafin hannu. Talatin da uku. Ya sake. Talatin da uku. Wani tsuntsu na tsaye a kan dutse yana goge baki, na ce shi ke nan, ya haɗiye ta. Mutum goma sha shida muka durƙusa, muka bi tsagar duwatsu ɗaya bayan ɗaya, rana na dukanmu. Zoila na kiran sunan duk waliyyin da ta sani. An fi rabin sa'a ana nema, sai wani tsoho ɗan Jamus ya miƙe don ya huta, matarsa ta ƙwalla ƙara. Ga morar nan a gwiwar farin wandonsa, ya murƙushe ta tun durƙuson farko! Tsohon ya karɓi wuƙa ya yanke ƙafar wandon da kansa ya miƙa. Efrén ya kankare dutsen da ya durƙusa a kai, ya kwashe ƙasar wurin, duka ya zuba a leda. Aka yi ta shewa ana rungumar juna, har da ni da ban san sunan kowa ba.

Shi kaɗai bai yi shewa ba. Da muka koma jirgi ya zauna a teburin cin abinci gaban kyaftin, ya ɗauko takardar rahoto. Na riƙe masa hannu.

"Ɗana, an tsince duka. Uwarka ce fa. Ka rubuta, ita za a ci tara, kai kuma ba ka san abin da za su yi maka ba."

"Rufe mana baki, Etel," in ji Zoila. "Rubuta, Efrén. Ka sa sunana cikakke. Ka ce ka gargaɗe ni a waya na ƙi ji. Ka ce a jikina na ɓoye, ba wanda ya sani."

"Ni na sani," na ce. "Sa da nawa."

Ya rubuta, muka sa hannu. Takardar nan ce ta cece shi daga baya: wata ɗaya aka dakatar da shi, lasisinsa yana wuyansa har yau. Mu kuwa ba mu sake taka wani tsibiri ba, daga saman jirgi muka ƙarasa kallo. Amma a ranar ba wanda ya san yadda za ta kaya, kuma Zoila ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya, ƙanƙanuwa, ba ta ko iya ɗaga ido.

Kyaftin ya kawo ledar da za a rufe a kai wa hukuma ta ƙone. Efrén ya ɗauki robar zai saka, sai ya tsaya.

"Ta bayan gida ce?"

"Ta babanka."

Ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Bai ci ko ɗaya ba. Ya rufe, ya saka a leda, ya manne bakin.

"Ta nuna daidai, Mama."

Zoila ta share hawaye da bayan hannu. "To da ɗanya zan kawo maka?"