Da Sifikar Baba a Cinya, Maamobi Zuwa Alajo

Maamobi

Ana sallame asuba na fito, na rungumo sifikar marigayi Baba, ta katako mai nauyin tsiya, rediyon kaset ɗinsa kuma a jaka. Amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti, ta ƙone tun bara, sabuwa na fito nema. Tun lokacin Mma, mahaifiyarmu, ba ta sake jin kaset ɗin karatunsa ba, ga kunnenta kullum ƙara nauyi yake. Na rantse sai ta ji muryar mijinta kafin kunnen ya rufe.

Yaron turoturo, motar haya, ya dubi sifikar ya ce, "Masa, wannan ai fasinja ce." Na ce to a cinyata za ta zauna, 'yar gida ce. Mota ta kwashe da dariya.

Nima

Na sha koko da ƙosai ina jiran a buɗe shaguna. Mai shagon farko ya fito da wata 'yar amfilifaya kamar sandar sabulu, sai walƙiya take.

"Tana da bulutut, Alhaji. Daga wayarka kawai!"

"Kaset fa?"

"Kaset? Wa ke jin kaset yanzu?"

Raina ya ɓaci, wallahi. Na juya bayanta, babu ramin ja da fari inda igiyar rediyon za ta shiga. Ta shago na biyu tana da ramukan, amma da aka haɗa ta da sifikar sai ta ɗau zafi tana shaƙewa. Wata mai waake, shinkafa da wake, da ke kallonmu ta ce in nemi Malam Isa mai gyara a Alajo.

Alajo

Rana ta take, cinyata ta mutu murus. Malam Isa bai ce in saya komai ba sai da ya karanta bayan sifikar.

"Om takwas ce, awon wutar da take ɗauka ke nan. Tsofaffin nan ba su son garaje, ƙarfi daidai suke so."

Ya ɗauko wata baƙar amfilifaya, ba kwalliya. Tana da ja da fari, tana da bulutut ɗin ma, ga maɓallin ƙara kaifin murya. Na ce a gwada da wani kaset, na Baba a gaban Mma za a fara sa shi.

Gida

Bayan la'asar na iso, na haɗa komai a ɗakin Mma. Muryar Baba ta cika ɗakin, tas! Mma ta kasa kunne. Can tsakiyar karatu sai muka ji ya tsaya, ya ɗaga murya: "Habiba, ina shayina?"

"Yana zuwa, Malam!" in ji Mma, har ta yunƙura za ta tashi.

Sai ta koma ta zauna tana dariya, hawaye na zuba. "Mutumin nan, har yanzu shayi!"

Alhamdu lillahi da na dawo lafiya. Malam Isa da mai waake, Allah ya biya ku. Mma ta ce in mayar da wurin baya, kuma in ƙara murya.