Ranar da Aka Yi Cinikin Maɗacin Kaka

Makon jiya na leƙa shagon wani kafinta a Magarya, zan duba bencinan lakwal ɗinmu, makarantar bokon da nake koyarwa, da muka ba shi gyara. Ina sa ƙafa wani ƙamshi ya tare ni, mai ɗaci-ɗaci, kamar jiƙon magani da ya kwana a kasko. Na dubi ƙasa, garin katako ja wur. Ban tambaye shi ba, na san maɗaci ne. Bawan Allah yana ta yi mini bayanin ƙusa da fenti, ni kuwa tuni na tafi ƙauyenmu, can gabas da Waca, na tsaya bayan ɗakin kakata.

In ba ka taɓa tsayawa gindin tsohon maɗaci ba, ban san yadda zan kwatanta maka namu ba. Ƙarti biyu in suka rungume shi, da kyar yatsunsu ke haɗuwa. Mai dawowa daga kasuwar Guci shi yake fara hangowa, ya san ya kusa gida. Da bazara, lokacin da rairayi ke gasa tafin ƙafa, inuwarsa kan rufe gidanmu har da rabin na maƙwabta, awaki da mutane kowa ya sami wurin miƙe ƙafa. In damina ta matso shamuwa kan sauka bisa kansa su yi sheƙa, tsofaffi su ɗaga kai su ce a fito da iri. Ina yaro, in na kwanta rigingine na bi gangar jikinsa da ido har sama, jiri nake ji. Wallahi tsoronsa nake, kuma ina son sa.

Na Kaka ne, uwar mahaifina. Ita ta dasa shi da hannunta shekarar da aka kawo ta gidan, ta raine shi da ƙasari, ruwan da aka wanke hatsi. A wurinmu itace na wanda ya dasa ne, ko da ƙasar ta wani ce, saboda haka ko ganye ba a tsinka sai da saninta.

Ka san ɓawon maɗaci magani ne. Ciwon ciki, zazzaɓi, shawara, har doki in ya ƙi cin abinci, jiƙonsa ake nema. Ba a sayar da shi a lokacin, ba a kuma hana wanda ya zo nema. A sauran garuruwa kowa da gatarinsa yake zuwa ya ɓantari son ransa, shi ya sa duk maɗacin da ka gani gindinsa a sassaƙe yake, ruwa ya shige, gara ta bi. Kaka ba ta san wannan zance ba. Gatari ba ya matsar itacenta. Wani ɗan gizago gare ta, da shi take ɗebar maka faɗin yatsu uku, tsawon tafin hannu, a tsaye ba a gicciye ba. Sannan ba inda za ka sai ka kwaɓa yumɓu da kashin shanu ka shafe wurin, tana tsaye a kanka. Ba za a sake taɓa nan ba sai ya haɗe. Mutane su karɓa su yi godiya, suna fita zaure su ce, “Tsohuwar nan, ɓawon itace ma rowarsa take.” Tana ji, ko a jikinta.

Ina aji biyu a lakwal sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko ta ce hayaƙin murhu ne. Kafin shekara biyu ba ta bambanta mutum da turmi sai ya yi magana. Amma magani ba ta fasa bayarwa ba, da tafin hannu take shafa jikin itacen har ta sami inda ya warke.

Baba ya kai ta gidan likita a Magarya, aka ce ana cire irin wannan yanar a Kano, ta gani ras. Sai dai aikin da tafiyar da zaman jinya, ko rumbunmu duka aka kaɗe ba zai kai ba. A shekarun nan ne masu injin yankan katako suka fara shigowa daga tsallaken iyaka, suna bin ƙauyuka suna tambayar manyan itatuwa. Baba ya kawo maganar. Shi ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ni ne ɗan aikensu ko da suna zaune tabarma ɗaya.

“Maigidan,” haka take kirana don wasan jika, “ka ce wa wancan idona ya ga abin da zai gani. A bar mini itacena.”

Haka aka zauna har damina biyu. Baba ya sa liman ya yi mata magana, ya sa ƙanenta ya taso daga Bande, duk a banza.

Wata safiya ta fito daga ɗaki za ta alwala. Ƙanwata tana rarrafe a bakin ƙofa, ba wanda ya lura. Kaka ta ɗora ƙafa bisa hannunta da nauyinta duka. Ƙarar da yarinyar nan ta yi har yau tana kunnena. Ɗan yatsa ɗaya ya karye, aka kai ta wurin mai ɗori. Ba wanda ya ga laifin Kaka, Inna mahaifiyarmu ma cewa take, “Ba komai, Iya, tsautsayi ne.” Amma ranar ko fura ba ta sha ba. Tana zaune ta dafe ƙafar nan kamar ba tata ba. Da la'asar ta kira ni.

“Ka ce wa wancan ya kira masu injin.”

Wani Alhaji ne ya zo, fari, mai tumbi, da wani tsoho siriri wanda shi ne gwanin kada itace. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a inuwa, Baba ya tsuguna gefe. Alhaji ya zagaya itacen yana taɓe baki. Tsohon ya juya gatari, ya buga gangar da ƙeyarsa. Kai! Ban taɓa sanin itace na amsawa ba sai ranar. Wani sauti ya fito, cikakke, mai nauyi, na ji shi har cikin haƙarƙarina. Ya matsa ya sake bugawa, haka. Ya zagaya baya, haka. Na ga tsohon ya ɗaga kai yana kallon sama, bakinsa a buɗe.

Alhaji ya yi gyaran murya. “To, Malam, ka san maɗacin gari. Duk an cinye shi da sassaƙa, ciki kogo ne. Don dai tsohuwa ce, zan ba da jika hamsin na sefa.”

Baba ya sunkuyar da kai. Na san shi, da shi kaɗai ne da ya ce Allah ya sa albarka.

“Wa ya buga itacen nan?” in ji Kaka.

“Ni ne, Iya,” in ji tsohon.

“Sake bugawa in ji.”

Ya buga. Ta karkata kai har sautin ya mutu.

“Alhaji, ido ne ya tafi, kunne yana nan. Tulun da ya tsage ma na san kukansa, balle itacen da na raina. Taso ka ba ni hannunka.”

Ta miƙe ba sanda, ta laluba ta kama hannun Alhaji, ta ɗora shi bisa jikin itacen. Ta riƙa bi da shi tabo bayan tabo, kowanne ya haɗe ya yi tudu kamar tsohuwar shasshawa. Nan na matar maƙeri ne, shekarar da ta yi shawara. Nan na dokin mai gari. Nan na wancan ne, ta nuna wajen da Baba yake da haɓa, yana ɗan shekara bakwai, har an fid da rai. Ta fi ashirin tana faɗa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutanen da suka taru a bakin darni, waɗanda ke ce mata marowaciya, kowa ya kau da kai, don wasu nasu tabon ake nunawa.

“Zaro wuƙarka,” ta ce. “Soka duk inda ka ga dama. In ta shige, na ba ka shi kyauta.”

Ya kuwa zaro. Ya gwada gindi, ya gwada tsakanin saiwoyi, ya gwada kan tabo. Ko'ina kamar dutse. Sai tsohon nan ya kasa haƙuri.

“Alhaji, mu ji tsoron Allah. Na tsufa ina kada maɗaci, ban taɓa jin mai amsawa haka ba. Ƙofofin masallacin Juma'a ne tsaye a nan.”

Alhaji ya harare shi, sannan ya fashe da dariya, ya ce yau ya gamu da gamonsa. Aka yi ta ja har inuwa ta juya. A jika ɗari da sittin aka tsaya, kuma Kaka ta ce katako ta sayar, ɓawo ba ya cikin ciniki.

Sai da Baba ya yi sawu uku wurin ma'aikatan gandun daji kafin takardar izinin sara ta fito, lokacin an gama girbi. Kwana uku suna sauke rassa da igiya, aka kwance darnin baya. Rana ta huɗu injin ya kama gindi tun hantsi. Da ya tashi faɗuwa bai yi gaggawa ba, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, ya yi wata ƙara, sannan ya tafi. Ƙasa ta girgiza, awaki suka tsinke igiya, ƙwarya ta faɗo daga rataya a ɗakin Inna. Da ƙura ta lafa muka matsa. Ja wur tun daga baki har zuciya, ba huda ko ta allura. Liman ya cire hula ya mayar, yana ta subhanallahi. Ni dai na sa hannu na taɓa, da ɗumi, da danshi, na ji kamar na taɓa abin da bai kamata yaro ya gani ba.

Kaka tana cikin ɗaki. Na shiga ta ce, “Cikinsa fa?”

Na ce, “Lafiya lau, Kaka, ko huda babu.”

Ta ce, “Na sani.” Ta juya fuska bango.

Kamiyo, babbar motar kaya, ya yi sawu biyu yana kwasar katako. Mata suka cika buhuna da ɓawo, aka rarraba gida-gida. Baba ya ɗora Kaka bisa amalanke zuwa Waca, daga nan suka shiga mota sai Kano. Kwanansu goma sha biyu.

Ranar da suka dawo da ƙafarta ta shigo zaure, ba mai riƙe da ita. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu. “La ilaha illallahu! Ashe mummuna na aura!” Gida ya kaure da dariya, Inna tana dariya tana share hawaye. Ta ɗauki ƙanwata ta daɗe tana duban ɗan yatsan. Kashegari ta sa zare a allura da kanta, ta kira maƙwabta su shaida. Bayan ɗaki kuwa sai da ta yi mako ba ta zagaya ba.

Ɓawon da aka tara bai kai shekara biyu ba. Ƙarshen wata damina, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara, wata mata ta yi sallama da azahar. Daga can bayan Dungas take, a ƙafa, da yaro goye a baya, idanunsa kamar an shafa gangamau. Ta ce uwarta ce ta kwatanta mata gidan tsohuwa mai maɗaci. Kafin a ba ta amsa ta hango kututturen ta saman darni. Ta tsaya tana kallonsa.

Kaka ta shiga ɗaki ta zazzage tukwane da tsummoki, ko ɓarɓashi babu. Ta aike ni gida huɗu, babu. Ta dama mata fura, ta kwance bakin zane ta ba ta abin da ke ciki, ta ce ta kai shi gidan likita, kada ta tsaya ko'ina. Matar ta yi godiya ta gyara goyo. Kaka ta raka ta ƙofar gida, ta tsaya tana kallonta har gero ya haɗiye ta.

“Da a da ne,” ta ce mini, “muryarta kaɗai zan ji. Yau na ga fuskarta.”

Shekara tara ta ƙara a duniya tana gani. Ta ga auren yayata, ta ga jikokin da ba ta san kamanninsu ba, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi nadama ba. Ni ma ba zan ce Baba ya yi kuskure ba, ko yau aka maimaita zan ce a sayar.

Yanzu ɓawon maɗaci a leda ake sayar da shi ranar kasuwa, mai saye bai san itacen da aka ɓantaro ba, mai sayarwa ma bai damu ba. Samari kan tare ni bisa moto, wato babur, tunda ni ne mushe, malamin lakwal, su ce in auna musu itacen da suka gada in faɗi nawa zai yi. Na iya kuwa. In sa mitar awo, in faɗi katako nawa zai fitar, ba na kuskure sosai. Sai dai duk sanda na naɗe mitar nan matar ce ke faɗo mini. Har yau ban san ko yaron ya tashi ba, don cikin ruɗewa ba wanda ya tambaye ta sunan garinsu.