Hanyar Mai Walda

Ban san wani littafi da aka rubuta a ƙasar nan da ya kai namu gaskiya ba, kuma na karanta da dama, na koyar da wasu, na zane yara a kan wasu. Masu tarihi sukan ƙara wa gwarzayensu tsawo, masu jarida sukan rage wa gawa yawa, ba abin da ke samun kowa. Amma wanda ya rubuta cewa akwai wurin sa ƙafa a inda babu, ya aika ɗan'uwansa lahira da rubutun hannunsa. Littafin namu kwafi ɗaya ne a duniya, mai baƙin bango irin na rajistar aji, a kasuwar Terminus ta Jos na saye shi. A ciki muke rubuta hanyoyin da muke bi mu hau duwatsun Shere da igiya. Ni ke riƙe da shi, don ni ne malamin makaranta, mutane kuwa sun ɗauka duk wanda ya iya ba da maki ya iya faɗin gaskiya.

A zamanin da abin ke da armashi mu bakwai ne. Ranar Asabar muke haɗuwa a gindin dutse, saboda a garin nan kowa ya san layin da ba ya bi. Ni daga Anguwan Rogo nake fitowa. Akwai wani tsohon malamin gona, ɗan ƙasa, dattijon coci, wanda muke kira Baba. Shekara goma yana riƙe mini igiya, ban taɓa ganin ƙofar gidansa ba, shi ma bai ga tawa ba. Sai wani mai walda daga Nasarawa Gwom, wanda shi ya jawo mu duka cikin wannan wahala. Ya tsinci igiya da ɗamarar hawa a dilar gwanjo, ya saya don aikin ɗora tankunan ruwa, daga baya ya gano dutse ya fi tanki daɗin hawa. Shi yake ƙera zobban ƙarfen da muke dasawa a jikin dutse, waɗanda ake saƙala igiya a ciki don in mutum ya zame kada ya kai ƙasa. Oga muke ce masa.

Dokokinmu suna shafin farko, da rubutuna. Bayan kowace damina sai an gyara kowace hanya: a goge gansakuka da burushin waya, a cire ciyawar da ta tsiro a tsaga, a gwada kowane zobe da sifana. Sannan wani ya hau ta daga ƙasa har sama a gaban shaida, su biyun su sa hannu. Hanyar da ta yi kaka biyu ba sa hannu, a ja mata jan layi, a kwance zobbanta a dawo da su gida, don kada wani baƙo ya zo ya ba tsatsa amanar ransa. Wannan dokar ni na kawo ta, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai ranar da na rubuta ta. Ta ƙarshe Oga ne ya kawo: hawa da hannu da ƙafa ne a kan dutse, wanda ya kama ƙarfe ya ja jikinsa bai hau ba.

Hanyar Oga tana shafi na goma sha bakwai. Shi ya fara hawanta, don haka tasa ce, amma ya ce rubutunsa kamar kaza ta yi tono ne, sai ya zauna yana ɓare gyaɗa yana yi mini shifta. "Fara daga gindin ɓaure. Bi tsaga har ta ƙare. Zobe shida. A na huɗu dutse ya turo tumbi kamar ɗan kwangila. Hannun dama, sama da tumbin, akwai rami. Ba ka ganinsa, sai dai ka yarda." Aya da waƙafi kawai na ƙara.

Ban taɓa wuce zobe na huɗu ba. Nakan kai wurin, in ji yatsuna sun tafi neman ƙarfe da kansu. Daga ƙasa sai in ji muryarsa.

"Ticha! Sauke hannunka daga ƙarfena! Don ranar faɗuwarka na ƙera shi, ba don ranar lalacinka ba."

"Hutawa nake yi, Oga."

"Je gida ka huta, akwai katifa. Baba, sauko mana da shi, ɗalibansa na jira."

Baba kuwa sai ya saki igiya a hankali yana cewa, "Bar shi mana, Oga. Ilimi yana da nauyi, shi ya sa ba ya tashi."

Ba dutse ne ya kashe Oga ba. Ciwon ƙoda ne, a kan gado, a tsakiyar damina. Na je jana'iza, na tsaya a sahu, na zuba ƙasa da hannuna. Na dawo gida na zauna ina jira in ji wani abu, kamar yadda ake jiran a kawo wuta. Ba a kawo ba. Ranar Litinin na shiga aji na koyar da ire-iren duwatsu, har na yi musu barkwancin da nake yi kowace shekara, suka yi dariya a inda ake yi.

Daga nan ƙungiya ta bi hanyar da ƙungiyoyi ke bi. Ɗaya ya samu aiki a Abuja, biyu suka yi aure suka gano rai yana da daraja, ɗaya ya daina ɗaga waya. Muka rage ni da Baba, shi kuwa gwiwarsa ta riga ta yi ritaya, igiya kawai yake iya riƙewa.

Kakar farko mun gyara hanyar. Akwai turbar awaki ta bayan dutsen, minti goma sha biyar ka kai sama ba tare da ka cire hannu daga aljihu ba. Ta nan nake bi in ɗaura igiya, in sauko ta fuskar dutsen ina rataye, burushi a hannu. Aiki ne marar labari. Gansakuka tana fita baƙa-baƙa tana zuba a ido, kashin rema ya toshe tsaga, sai ka sa tsinke ka tono. Kowane zobe in sa masa sifana in ji ko ya motsa. Babu wanda ya motsa. A jikin na uku akwai ɗigon walda da bai goge ba, na san ranar da ya yi shi yana sauri. Na dube shi, na goge kewayensa, na wuce. Bayan gyara na gwada hawa sau huɗu a Asabar huɗu, kowace tumbin ya mayar da ni. Shafin ya kwana ba sa hannu.

Da damina ta biyu ta ɗauke muka sake gyarawa. Asabar ɗin ƙarshe ta Nuwamba na zo da littafi, da biro biyu, baƙi da ja, da sifana a jaka. Baba ya zo da gwate, faten accan nan na Jos, a kula. Ya ga sifanar ya gane.

"Ticha, kai ka rubuta dokan nan. Biro yana hannunka. Canja shi mana."

"In na canja ta yau, Baba, gobe wa zai yarda da hanyar da ke shafi na biyar, ko wani shafi?"

"Wa yake karanta shafi na biyar? Ni da kai ne, ni kuma ba na gani sai da gilashi."

"Doka ce."

"To, Alƙali. Ci gwate tukuna, kar ka faɗi da yunwa a ce ni na sake ka."

Na ci. Na daka allin makaranta a cikin tsohuwar safa, na shafa a hannu don kada gumi ya sa ni zamewa, na ɗaura ɗamara. Baba ya duba ƙullin igiyata sau biyu, yadda Oga ke yi, ya buga mini kafaɗa. Ya yi tasa addu'ar, na yi bisimilla.

Tsagar tana da tsabta, don ni na share ta. Na wuce zobe na ɗaya da na biyu ba tare da tunanin komai ba. A na uku wani ƙadangare ya gyaɗa mini kai ya ba ni hanya. Na tuna cewa in na sauko ba tare da na kai ba, da yammar nan zan rataya a wurin nan ina kwance aikin hannun mutumin, zobe bayan zobe, in zuba a leda. Na tuna da haka kamar yadda mutum ke tuna bai kashe fanka ba. Na kai na huɗu. Tumbin yana bisa kaina, inda na bar shi. Na saƙala igiya, na miƙa hannun dama sama na shafa dutse. Abin da ya biyo baya bai kai numfashi uku ba. Sai ga ni a saman tumbin, gwiwa a goge, na biyar da na shida kuwa ko yaro ya wuce su.

A sama ba kowa sai awaki biyu da suka zo ta baya. Rufin kwanon Jos yana ta ƙyalli a nesa. Na zauna na jira, ko yanzu za a kawo wutar da na jira ranar jana'iza. Ƙishirwa kawai na ji.

Da na sauko Baba yana naɗe igiya, bai dube ni ba.

"Rana ya shiga idona," ya ce. "Igiya kawai na ga yana tafiya sama. Kawo biro. Baƙin."

Ya sa hannu a wurin shaida, da irin sa hannun tsoffin ma'aikata mai wutsiya. Na rubuta kwanan wata, na rubuta "an gyara, an hau," na sa nawa a ƙasa. Muka raba sauran gwaten. A bakin titi ya shiga motar da ta nufi unguwarsu, na tari keke zuwa tamu.

Bara ke nan. Zobba shida suna nan a jikin dutse, shafi na goma sha bakwai ba jan layi, littafin yana cikin durowata tare da takardun jarrabawa. Ramin da Oga ya ce yana hannun dama ban same shi ba. Zobe na huɗu na kama, da hannu biyu.